Ta'aziyyar da Kaka Ba Ta Je Ba

Daga Allah muke, wurinSa muka nufa. A cikin daminar nan Ya aiko kiran Kaka, mahaifiyar mahaifiyata, ta amsa a ɗakinta na Birnin Kudu. Allah Ya jiƙanta.

Na sha zuwa makoki, amma ban taɓa ganin taro irin na Kaka ba. Takalman da aka tuɓe a ƙofar gidanmu, da za a kwashe su a kai kasuwa, masu sayar da takalmi sai sun rufe rumfa sun koma noma. Matan Sundimina sun cika a-kori-kura har tana tafiya a karkace. Na Wurno suka zo da ƙullin gero, na Kangire suka zo da tabarminsu don sun san ba za su samu wurin zama ba. Akuyar maƙwabcinmu ma, da ta ga ba hanyar fita, sai ta haƙura ta kwanta aka yi addu'a da ita.

Kowa da abin da ya fito daga bakinsa. Wata tsohuwa ’yar Kangire ta kama hannuna tana kuka, ta ce, "Yanzu ni wa zai tsaya a kan makokina? Da ita na dogara." Wani direban tasha ya ce shekara da shekaru yana ɗaukarta zuwa dubiya da gaisuwa, kuma ba ta taɓa sauka daga motarsa ba ta gaya masa laifin tuƙinsa ba. Limamin unguwa, bayan an shafa fatiha, ya duba hagu ya duba dama, ya ce wannan ne makoki na farko a unguwar nan da ba a ji muryarta tana cewa a matsa wa baƙi ba. Mutane suka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Sai dai a ƙarƙashin duk wannan akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa, mayafi a baki. "Kun ga ta Gwaram a ɗaka? Zuwan kunya ta yi, ko sun shirya kafin a rabu?" Ta Gwaram ita ce ƙanwar Kaka, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Mu jikoki Ƙaramar Kaka muke ce mata. Kowa ya san tun shekarar korona suke gaba, kuma kowa ya san dalili: Kaka, wadda ta je makokin kowa, ta ƙi zuwa na mijin ƙanwarta. Na ji labarin yana yawo ana ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi. Ni jika ne, jika kuwa mijin kaka ne na wasa, yana da lasin tsokana har bakin kabari. Wanda ya ga na yi dariya a inda ake kuka ya yi haƙuri. Matata ce ta rasu, ni na san yadda muke da ita.

Kaka ba ta da sana'ar da ta wuce zumunci. Ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi kiwon tumaki, amma duk wannan cike lokaci ne tsakanin dubiya da dubiya. Mayafinta a ƙusar bakin ƙofa yake kwana, fulas ɗin kununta kuwa ban taɓa ganinsa da sanyi ba. Kafin zazzaɓi ya gama sauke kayansa a jikinka, ta iso ta zauna a gefen tabarmarka tana tambayar me ka ci jiya. Akwai mutumin da sai da ya ji sallamar Kaka sannan ya gane ashe ba shi da lafiya. Idan na ce mata, "Amarya, yau ma fita? Wa zai dafa min?" sai ta ce, "Wannan cikin naka, ko shekara ka yi ba ka ci ba akwai ajiya."

Kuma ba matsoraciya ba ce, wannan a riƙe shi da kyau. Akwai lokacin da wani maƙwabcinmu ya kamu da tarin fuka, har ’yan gidansa suka koma tura masa abinci daga bakin ƙofa. Kaka ce ta riƙa shiga tana buɗe masa taga, tana wanke masa kwano, tana tsare shi sai ya haɗiye maganin asibiti a gabanta, har ya miƙe. Ya zo ta'aziyyarta da farin gemu, ya zauna, ya yi mata addu'a, ya tashi.

Cututtukan numfashin nan uku da ake ce musu ’yan gidan korona, Kaka ta san su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta san ’ya’yan maƙwabta.

Na farko a rediyo ta haɗu da shi, fiye da shekara ashirin da suka wuce. Kakanmu namiji, abokin takarata, yana raye a lokacin, kuma rediyonsa ba ya yin shiru sai batir ya mutu. Aka ce wani ciwo ya ɓulla a ƙasar Sin, SARS suke ce masa, yana kama ƙirji yana kashewa, har likitoci bai bari ba. Kaka ta kasa kunne, ta ji an ce Sin, ta tashi ta shiga ɗaki. Sai ga ta da kwanuka. Ta sa ni na riƙa juya gindin kowane kwano da faranti ina karanta mata inda aka ƙera shi. Duk wanda na ce na Sin ne, waje. Ashe gidanmu gaba ɗaya na Sin ne. Tangaran, kofuna, tocila, har kwaɗon ƙofa, duk ta baza su a rana a tsakar gida kamar shanyar kuɓewa. Muka koma cin tuwo a ƙwarya da akushi. Kakanmu ya ce, "Rediyon ma fa na Sin ne." Ta ce, "To daga nesa za ka riƙa ji."

Ciwon nan bai zo mana ba. Bayan wasu watanni rediyo ya daina ambatonsa, aka ce an tare shi. Har ta bar duniya Kaka ba ta yarda cewa ba shanyarta ce ta tsare Jigawa ba.

Na biyu kuwa har gidansu ta bi shi. ’Ya’yanta suka haɗu suka biya mata Makka a shekarun da ake maganar wani ciwon ƙirji a ƙasar Larabawa, MERS, wanda aka ce daga raƙuma yake tsallakowa. A wurin bitar alhazai aka ja musu kunne: ban da zuwa kusa da raƙumi, ban da shan nononsa, a sa takunkumi a cikin cunkoso. Kaka ta dawo daga bita ranta a ɓace. Ita da ta ci burin shan nonon taguwa a ƙasa mai tsarki! Ta ce min a can ko hoton raƙumi ta gani a jikin kwalin dabino sai ta ja mayafi ta rufe hanci.

Ta sauka da tari. Ba ƙaramin tari ba, irin wanda idan ta yi a ɗaka kaji ke watsewa a tsakar gida. Ƙanwata, wadda ke aikin jinya a asibiti, hankalinta ya tashi, ta ce a ɗan dakatar da ’yan barka da sauka a ga abin da hali zai yi. Wa zai ji? Alhajin da ya dawo ba tari ai kamar bai je ba. Tarin Makka tsaraba ne, har alfahari ake da shi. Kaka ta hau darduma, gari ya taso. Ta rungumi kowa, ta tofa wa jarirai addu'a, ɗan kofin zamzam guda ɗaya ya zaga bakin rabin Birnin Kudu. Ƙaramar Kaka ta zo daga Gwaram ta tare a ɗakin, gado ɗaya, bargo ɗaya, suna hira suna tari bi da bi, don ita ma tana da asma tun ƙuruciya. Allah Ya rufa asiri, tarin na gajiya ne da cunkoso, ya yi kwanakinsa ya wuce. Ba wanda ya samu abin da ya fi mura.

Daga baya Kaka ta zaunar da ƙanwata ta ce ta yi mata bayani dalla-dalla, don ba ta son abin da ba ta san danginsa ba. Ƙanwata ta ce na Sin da na raƙumi gida ɗaya suka fito. Na raƙumi ya fi kisa idan ya kama mutum, amma ba ya iya doguwar tafiya. Yawanci sai mai hulɗa da raƙuma, ko wanda ya zauna jinyar wanda ciwon ya kayar. Na Sin ya fi shi yawo, sai dai ba ya ɓoye kansa. Sai ya kwantar da mutum kowa ya gani sannan ya fi tsallakawa kan wani, shi ya sa da aka riƙa ware marasa lafiya aka ci ƙarfinsa.

Kaka ta gyaɗa kai. "Na gane su. Babban wan mai hayaniya ne, tun daga zaure ake jin zuwansa a rufe ƙofa. Na tsakiyan mugu ne, amma ba shi da zumunci. Mugun da ba ya ziyara ai da sauƙi."

Na ce, "Wane na tsakiya kuma? Ai su biyu ne."

Ta ce, "Ka taɓa ganin gidan da ba auta?"

Ni har yanzu ina zargin bakinta ne ya jawo mana.

Auta ya iso a shekarar da aka rufe masallatai da kasuwanni. A majalisun bakin titi an yanke masa hukunci tun kafin ya ƙaraso. Lissafin mutane mai sauƙi ne. Na Sin da ya fi shi zafi bai zo ba. Na raƙumi da ya fi su duka kisa, alhazai sun je har gidansa sun dawo lafiya. To wannan da aka ce yawancin waɗanda ya kama suna warkewa, ai mura ce ta sa babbar riga. Da zafi muke auna ciwo, kamar barkono. Kaka ma da fari haka ta ɗauka. Ta dai tambaye ni ko a sake fito da kwanuka.

Ana cikin haka, gab da azumi, Kawu, ɗanta na ƙarshe da ke kasuwanci a Kano, ya dawo gida da zazzaɓi da busasshen tari. Ya ce ba ya jin ƙanshin komai. Kaka ta ɗauko daddawa ta kai masa hanci, irin daddawar da ke tayar da wanda ya suma, ya ce shi dai bai ji ba. Ba a gwada shi ba, don lokacin gwaji ba a kusa yake ba, kuma shi kansa ba ya son a ce. Kaka ta shiga jinya yadda ta saba: kunu, tofi, ruwan zafi, zama a gefen shimfiɗa.

Ƙanwata aiki ya riƙe ta, ba ta iya zuwa gida sai dai waya. Ina tsakar gida ta kira, na buɗe muryar wayar na miƙa wa Kaka.

"Kaka, ki rage shiga ɗakin nan. Kuma don Allah ki zauna a gida."

"Ke, lafiyata ƙalau. Yanzu na tashi da malmala biyu, ko atishawa ban yi ba."

"Ai shi ne matsalar wannan. Ba kamar na Sin ba ne. Mutum yana jinsa garau, yana yawo, yana gaisawa, alhali yana raba shi. Wani ma har ya rabu da shi bai san ya yi ba. Tsoho ko mai ciwon ƙirji da ya karɓa daga wurinsa shi ne zai kwanta."

Kaka ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Wato mai lafiya ne yake kai shi?"

"Sau da yawa."

"Ya shiga gida da sallama, a yi masa shimfiɗa, a ba shi ruwa?"

"Haka ne, Kaka."

Ta miƙo min wayar. Ta ce, "Angona, wannan autan ba ƙarfi ya fi ’yan’uwansa ba. Halina gare shi. Kuma duk garin nan ba motar da za ta fi masa daɗin hawa kamar ni."

Ba a daɗe ba aka bugo daga Gwaram: mijin Ƙaramar Kaka ya rasu, bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki. Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai gaisuwa ce, a yi ta waya mana. Ba haka abin yake ba. A danginmu idan mace za ta shiga takaba, yayarta ce ke tsefe mata kai, ta cire mata ’yan kunne, ta kwana a ɗakinta har a yi sadakar bakwai. Ba a wakilci a wannan. Kaka ta yi wa matan da ba ta haɗa komai da su ba, don kawai ba su da yaya. An rufe hanya, gaskiya ne, amma babura suna bi ta gonaki, kuma ni na san hanyar da ko aljani bai sani ba. Na cika tanki na tsaya a ƙofar gida.

Ta fito da mayafi da ƙullin kayanta. Ta zo tsakiyar zaure ta tsaya. Daga cikin gida ana jiyo tarin Kawu. Ta daɗe a tsaye, har na kashe babur. Sannan ta ce, "Ƙirjin yarinyar nan ko hayaƙin murhu ba ya ɗauka." Yarinyar nan fa, ƙanwarta take nufi, tana da tattaɓa-kunne. "Ɗakin zai cika da tsofaffi, kafaɗa da kafaɗa. Ni zan zauna a tsakiyarsu. Ni zan ɗora kanta a cinyata." Ta ajiye ƙullin a ƙasa ta ce in kira mata Gwaram.

Ƙaramar Kaka ba ta buƙatar a buɗe murya. Ko ba waya, in iska ta daidaita, ana iya jinta daga can.

"Yaya, kina ina? An kai shi tun ɗazu."

"Ina gida. Ba zan zo ba. Yaron nan yana kwance da ciwon da ake faɗa, ni nake jinyarsa."

"Ke kin kwanta?"

"A'a."

"Kina tari?"

"A'a."

"To da kika dawo daga Makka kina tari kamar za ki amayar da haƙarƙari, ana ta cewa ciwon raƙumi ya fi kowanne kisa, wa ya kwana a gadonki? Lokacin ba ki tuna da ƙirjina ba sai yau?"

"Wancan daban, wannan daban."

"Ba ciwon ne daban ba, Yaya. Ni ce daban. Kin je makokin mutanen da sai a mota kike tambayar sunansu."

Ta kashe wayar. Wata maƙwabciya ce ta tsefe mata kai.

A azumin nan an yi rashin tsofaffi, a Kano da nan kusa da mu. Wasu aka ce korona ce, wasu aka ce zafi ne da azumi, ba wanda ya tabbatar. Mu dai a gidanmu Kawu ya warke, hancinsa ya dawo aiki, abin da ya fara ji kuwa warin turken tumaki ne, har ya yi hamdala. Kaka ko ciwon kai ba ta yi ba. A Gwaram ma Ƙaramar Kaka ta gama takabarta lafiya. Wannan lafiyar ita ta ƙara dagula lamarin, don kowace ta ɗauke ta hujja. Ta Gwaram ta ce kun gani, ba komai, ƙin zuwa ne kawai. Kaka ta ce kun gani, da na je fa?

Da hanya ta buɗe Kaka ta shirya, ni na kai ta. An yi mata tarbar da ta fi zagi ciwo. Aka shimfiɗa mata sabuwar tabarmar baƙi a tsakar gida, aka kawo ruwa a kofin gilashi har da murfi. Ƙaramar Kaka ta zauna can nesa ta ce, "An zo lafiya? Ya mutanen Birnin Kudu? An gode, Allah Ya ba da lada." Matar da suka tashi suna faɗa a kan ƙanzon tukunya ɗaya. Ba mu kai la'asar ba muka juyo. A hanya Kaka ba ta ce tuƙina ya yi gudu ba, nan na san abin ya kai mata ko'ina.

Daga nan na zama ɗan aike, shekara da shekaru. Hanyar Gwaram ta san tayata fiye da yadda ta san kwalta. In kai man shanu, a dawo da ni da shi. In kai naman Sallah, a ce a ba yara. Kuma kowane zuwa sai an yi muhawara ta bakina. Ta Gwaram ta ce in tambayi yayar tata, tsakanin ciwon da ya fi kisa da wanda bai kai shi ba, wanne mai hankali ke gudu? In dawo, Kaka ta ce in gaya mata ita ba wanda ya fi faɗa take tsoro ba, wanda ya san hanyar ɗaki take tsoro. Ta Gwaram ta ce to ita ba ta ga gawar da aka fitar daga ɗakinta ba. Kaka ta ce ai abin da ake nema ke nan. Na ƙware a kan ’yan gidan korona har na fara tunanin buɗe asibiti a tashar mota.

Na taɓa ce wa Kaka, "Amarya, ki ce kin yi kuskure mana a wuce wurin. Kalma ɗaya ce." Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "In yi mata ƙarya da tsufana? Ban sani ba ko akwai abin a jikina ranar nan. Wataƙila babu. Amma ba a ƙirjin ƙanwata zan gwada wataƙila ba. Ko gobe aka dawo da ranar, a zauren nan zan tsaya." Can sai ta ƙara da cewa, a hankali, "Amma kan nan nata, ni ya kamata in tsefe." Wannan ne kaɗai lokacin da na ga ta share ido da bakin zani ba a gidan makoki ba.

Da annoba ta lafa ta koma yawonta, sai dai da sabon hali. Idan ta ji maƙogwaronta na ƙaiƙayi, sai ta aika da kunu ta zauna. Idan ta shiga ɗakin mara lafiya ta tarar an cika, sai ta kori rabi ta buɗe taga. Mata suka ce Hajiya ta zama likita. Ta ce a'a, ta dai gane cewa ba kunu kaɗai take ɗauka gida-gida ba.

Da damina ta kama bana jikinta ya saki. Tsufa ne, sai kuma ƙirji ya cika, numfashi ya koma sama-sama. Aka kwantar da ita a asibiti, aka sallamo ta, ƙanwata ta ɗauki hutu ta dawo gida ta kafa doka: duk mai mura ko tari ya tsaya a waje, don abin da zai sa ni atishawa biyu ita zai iya tafiya da ita. Wata safiya Kaka ta yafito ni da hannu. Na sunkuya, ta ce, "Je ka ɗauko min yarinyar nan. Ban da surutu. Ka ce ina kira."

Na ari motar Kawu na tafi. Ban taɓa isar da saƙo gajere haka ba a rayuwata. Na tarar da Ƙaramar Kaka a ƙudundune cikin bargo, mura ta kama ta da zazzaɓi, ido ja, hanci na zuba. Na faɗi abin da aka ce in faɗa, na gyara tsayuwa don jiran muhawara. Ta jawo mayafi ta riga ni shiga mota.

Da muka iso ta ratsa zaure da saurin da ban san tana da shi ba, ta nufi ɗakin Kaka, har ta kama labule. Nan tari ya sarƙe ta. Ta duƙa tana yi, tana yi. Da ya lafa sai aka jiyo wani sauti daga cikin ɗaki, numfashin Kaka ne, kamar ana zuƙar iska ta cikin kara. Ƙaramar Kaka ta tsaya da labule a hannu.

Ƙanwata ta miƙa mata takunkumi ta ce, "Ƙaramar Kaka, ki sa wannan, ki tsaya daga bakin ƙofa ki gan ta. Kada dai ki matsa."

Ta dubi takunkumin, ta dubi labulen. Ta ce, "Na san kaina. In na shiga sai na faɗa jikinta." Ta saki labule. Ta zagaya bayan ɗaki inda taga take, kusa da inda indararo ke zuba, ta ce in kawo mata benci.

Kaka ta juyo da kai a kan matashi.

"Wa ke tari a bayan ɗakina kamar tsohon injin niƙa?"

"Ni ce."

"Shigo mana."

"Ba zan shigo ba."

"Ramuwa kika zo yi?"

"Da ramuwa ce da na yi zamana a Gwaram, Yaya. Mura nake."

"Wanne ne a cikin ukun?"

"Oho. Ban tambaye shi sunan ubansa ba."

Kaka ta yi dariya har sai da ƙanwata ta ruga ta ɗaga ta zaune. Da ta samu numfashi ta ce, "Ni dai tafiya zan yi, da murarki da babu. Shigo in ji ɗumin hannunki."

Na ga Ƙaramar Kaka ta kama ƙarfen taga da hannu biyu. Ta ce, "Wataƙila tafiyar ce, wataƙila kuma da sauran kwana. In da saura, ba ni zan rage miki ba."

Kaka ta zuba mata ido ta tsakanin ƙarafan taga.

Kaka ta ce, "To yanzu kin san zauren da na tsaya. Ki yafe min kan da ban tsefe ba."

"Na yafe. Ke ma ki yafe min kofin gilashi."

"Wannan sai na yi shawara."

Ƙaramar Kaka ta tare a gidanmu. Kullum da safe a kai mata benci bayan taga, in ruwa ya sauko in riƙe mata lema, ni da ƙaton cikina rabi a jiƙe. Suka rama hirar shekarun da suka rasa: wa ya mutu, wa ya haihu, wace tsohuwa ce ta yi kitson da bai dace da shekarunta ba. Ƙaramar Kaka tana shan magani kamar mai gasa, tana sirace har ɗaki ya koma gajimare. Kowace safiya sai ta tare ƙanwata ta ce, "Yau fa?" A ce mata da saura kaɗan. Ranar da zazzaɓin ya sauka, ƙanwata ta ce a ƙara kwana ɗaya don a tabbata. Da hantsin ranar Kaka ta cika, ƙanwarta na bayan taga tana laƙƙana mata kalmar shahada ta tsakanin ƙarafa.

Sai a lokacin ta ɗaga labulen ta shiga. Ita ta yi mata wanka, ba ta bari kowa ya taɓa kan yayarta ba.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, ta aika aka kira ni. Ta ce, "Kai mai baki kamar lasifika, na san sai ka ba da labarin nan. To kada ka ce na ce tana da gaskiya. Har gobe ina ganin da ta zo."

Na ce, "To me zan ce, Kaka?"

Ta daɗe tana murza carbi. Ta ce, "Ka ce na zauna a bayan taga na ji yadda yake. Duk shekarun nan na zaci wanda bai shigo ba shi ne ya huta."

Allah Ya gafarta wa Kaka, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa duk ziyarar da ta kai ta tarbe ta a can, har da wadda ta fasa. Amin.